Asusun Tara: Yadda Ƙungiyarmu ta Matan Gandurobobi ta Kusa Watsewa

Ni matar ganduroba ce, kuma na riƙe sakatariyar ƙungiyar matan ma'aikata a barikin da muka zauna har zamanin shugabanni uku. Abin da zan rubuta nan abu ɗaya ne da ya faru a zamanin ta biyun ya gangaro zuwa ta ukun. Ba zan kama sunan kowa ba, ba zan faɗi gari ba, don mutanen suna nan da ransu, wasu ma mazajensu har yau suna cikin kaki. Amma duk wadda ta taɓa zaman barikin gidan yari za ta gane kayanta.

Bari in fara da yadda ake shugabancin, don nan ne tushen komai. A irin ƙungiyarmu ba zaɓe ake ba. Matar babban oga ita ce shugaba kai tsaye, kamar dai yadda ake a POWA ta matan 'yan sanda da NAOWA ta matan hafsoshin soja. Ranar da sigina ta fito an yi wa miji canjin wurin aiki, ranar kujerarta ta tashi, ko da kuwa tana tsakiyar wani aiki ne. Zaman mitin ma bisa girman miji ake yi, matan manya a gaba kan kujeru masu hannu, matan ƙananan ma'aikata can baya kan benci. Tsarin yana da amfaninsa, ba zan ɓoye ba, don matar oga in ta ce tana son a shiga ɓangaren mata gobe, to ƙofa za ta buɗe, abin da ni in na nema sai na yi wata ina rubuta takarda. Illarsa kuma ita ce wadda ta fi kowa ƙarfi a ƙungiyar ita ce wadda ta fi kowa saurin tafiya, waɗanda suka daɗe suka san kan gidan kuma ba su da bakin magana.

Kafin zuwan ta biyun aikinmu ga fursunoni bai wuce ziyara sau ɗaya ko biyu a shekara ba. Mu sa yunifom ɗin ƙungiya, mu ɗauki katan ɗin sabulu da barguna, a jera mana mutane a yadi, a yi jawabi, a ɗauki hoto, mu watse. Ban raina sabulu ba wallahi, wanda ya san yadda ƙaiƙayi ke cin mutane a ɗakin da ya cika ba zai raina ba, amma bayan sati biyu shi ke nan ya ƙare, sai kuma wata shekarar.

Ita wannan ta biyun da muke kira Mama ta taɓa aikin jinya kafin ta bari, ina jin shi ya sa idonta ke zuwa inda namu ba ya zuwa. Wata ranar ziyara muna dawowa tare a motarta ta ce direba ya tsaya a bakin get. Akwai wata bishiya a wajen da mata ke zama jiran a kira su, shekara da shekaru muna wuce su kamar ba mutane ba. Ta sauka ta nufi wata tsohuwa da ke zaune a ƙasa ta cire takalminta ɗaya tana matsa ƙafa, ta durƙusa ta ce, "Iya sannu, wa kika zo gani?" Tsohuwar ta kalli motar ta kalli Mama, a tsorace, ta ce, "Ɗana ne 'yar nan. Alƙali ya ce ko ya biya ko ya zauna, mu kuma ba mu da shi." Ta kwance bakin zaninta ta fito da wata takarda da ta naɗe cikin leda har ta fara yagewa a wajen ninki. Kuɗin da ke jiki, in faɗa muku gaskiya, abin da muka kashe a hayar rumfa da kujeru ranar ziyararmu ta ƙarshe ya fi shi.

Ga wanda bai sani ba, a ƙananan laifuka sau da yawa hukunci kan zo da zaɓin biyan tara, ko ka biya kaza ko ka yi wata kaza. Mai shi ya biya ya kwana gida, marar shi ya wuce ciki. Sannan akwai wani abu da mu ma sai daga baya muka gane shi, wani bayan tarar akwai diyyar da kotu ta ce ya biya wanda ya yi wa ɓarna, to in kin biya tara kin bar diyya ba lallai ya fita ba. Mun taɓa yin wannan kuskuren a farko, muka sa wa wata uwa rai ta zo da kayan da ɗanta zai sa ya fita, ta koma da su. Har yau in na tuna fuskarta ba na jin daɗi.

A mitin na gaba Mama ta kawo shawarar a buɗe asusun biyan tara daga kuɗin wata-wata da muke tarawa. Gaba duk aka gyaɗa kai kamar yadda aka saba. Sai wata daga can baya ta miƙe, matar wani ƙaramin ma'aikaci da ya rasu ba da daɗewa ba, ta ce, "Mama, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mijina a bakin aikin nan ya kwanta ciwo har ya cika, haƙƙoƙinsa har yau ba su fito ba, an fara min maganar in tashi daga kwata, yarana suna gida babu makaranta. Kuɗin da na riƙa zubawa shekara da shekaru ne za a ɗauka a fitar da waɗanda yake gadi, ni kuma ina nan?" Wajen ya yi tsit, wata daga gaba har ta ɗaga mata hannu wai ta zauna.

Ni a ganina gaskiya ta faɗa, kuma ba ƙin fursuna ba ne. Mutanen waje suna ganin ganduroba kamar mai riƙe da makulli kawai, ba sa ganin shi ma rabin rayuwarsa a bayan katangar nan yake yi, iskar da suke shaƙa ita yake shaƙa, tarin da ya kama su yana iya kawo shi gida wa yaransa. Duk wadda ta kwana a bariki lokacin da labarin harin gidan yarin Kuje ya zo a watan Yulin 2022, da ɗaruruwan fursunoni suka tsere, ta san abin da nake nufi, kowace ta riƙe waya tana kiran miji. Hatta ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela a 2015, ƙa'ida ta 74 a cikinsu magana take kan ma'aikata, cewa a ba su albashin da ya isa da yanayin aiki mai kyau saboda nauyin aikin. To in ƙungiyar matansu ta tsallake nata ta tafi na waje, ba za ta daɗe ba.

Abin da Mama ta yi a nan shi ne ya sa nake ganin girmanta har gobe. Ba ta tsawata ba, ba ta kuma ce za a duba ba, irin "za a duba" ɗin da ke nufin an binne magana. Ta ce, "Maman yara, kin fi ni gaskiya. Ki zo gaba ki zauna." Aka raba abu biyu a ranar. Kuɗin wata na mambobi ne, zawarawa da marayunmu da wadda ciwo ya kama. Asusun fursunoni kuma daban, ba za a sa masa ko sisin mambobi ba, ita Mama za ta yi amfani da sunanta da ƙofofin da ke buɗe mata ta nemo daga masu hali da ƙungiyoyin addini. Kuma ba za a taɓa asusun ba sai da sa hannun mutum uku, ni sakatariya, da ma'aji, da mutum ɗaya daga matan ƙananan ma'aikata. Ita kanta ta cire sunanta daga masu sa hannu. Matan baya suka zaɓi bazawarar nan, ita ce ta ukunmu.

Sunayen waɗanda za a biya wa kuma ba daga gare mu suke fitowa ba. Ofishin walfiya ne ke haɗa su da masu riƙe da fayil, a duba wanda laifinsa na farko ne, wanda ke da yara ko iyaye tsofaffi, wanda lafiya ba ta ishe shi ba. Mu biyu mu bi jami'in walfiya zuwa kotu, a biya wajen rajistara, a karɓo rasit, kotu ta rubuta takardar sallama, ni kuma in manna kwafin rasit ɗin a wani babban littafi mai baƙin bango da na saya don wannan. Sannan mu ba mutum kuɗin mota da riga mai kyau, don akwai wanda ake sallama da kayan da aka kama shi da su, bai da ko na komawa gida. Ƙa'ida ta 108 ta Mandela ta ambaci wannan ƙarara, tufafi da abin da zai kai mutum inda za shi.

Ɗan tsohuwar nan yana cikin na farko da suka fita.

Sai dai mun gane da wuri cewa asusun tara ba ya taɓa mafi yawan mutanen da ke ciki, don a Najeriya kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke, ba a ma yanke musu hukunci ba balle a zo maganar tara. Su lauya suke buƙata da wanda zai tsaya musu beli da wanda zai bi fayil ɗin da ya kwanta. Wannan ya fi ƙarfinmu, iyakarmu mu haɗa iyalansu da hukumar ba da tallafin shari'a kyauta ta gwamnati, wadda aka kafa tun 1976, ko lauyoyi mata na FIDA in mace ce. A ɓangaren mata akwai wata yarinya mai goyo da danginta ba su ma san inda take ba, sun zaci guduwa ta yi, manyan yaranta biyu suna hannun maƙwabciya. Kiran waya ɗaya daga ofishin walfiya ne ya kawo yayanta. Daga kanta muka fara sayen audugar mata duk wata, abin da ƙa'idojin Bangkok na 2010 kan mata fursunoni suka ce a bayar kyauta, kuma suka ce yaron da ke tare da uwarsa a ciki kada a taɓa ɗaukarsa a matsayin fursuna.

To daga nan ne matsala ta ɓullo ta inda ba mu zata ba. Labari ya bazu cewa matan gandurobobi suna fitar da mutane. Iyalai suka daina tsayawa ƙarƙashin bishiya suka fara shigowa kwatas, a ƙwanƙwasa miki ƙofa da sassafe, uwa ta zube tana kuka tana riƙe ƙafarki, wata ta zo da 'yar tsaraba. Ke kuma mace ce mai zuciya, kuma ba mu da wata doka a rubuce da ta ce ga iyaka. Laifin shugabanci ne wannan, har da ni a ciki, mun tsara yadda kuɗi zai fita ba mu tsara yadda mutane za su iso gare mu ba.

Ranar da abin ya fashe, an tare wani ƙunshi a bincike a get, aka sami ƙaramar waya da sim a ɗinke cikin bargo. Aka bi diddigi, sai ga shi wata mambarmu ce ta karɓe shi daga hannun wata uwa ta ba wani yaron mijinta ya shigar, ta ce ba ta san da waya a ciki ba, kuma na yarda da ita a kan wannan. Amma da aka tsananta tambaya uwar ta faɗi cewa ta ba ta kuɗi don a sa sunan ɗanta a jerin masu tara. Kuma ba ƙaramar mace ba ce, matar ɗaya daga cikin manyan gidan ce, a layin gaba take zama kusa da Mama. Yaron da ya ɗauki ƙunshin aka ba shi takardar tuhuma, oga ya ce daga yau babu wata matar ma'aikaci da za ta sake taka yadi.

Waya a gidan yari ba abin wasa ba ce, da ita ake tsara gudu, da ita ake tsorata shaidu, kuma in abu ya lalace mazanmu ne ke gaba. Don haka ban ga laifin oga ba ko kaɗan. Abin da kowa ke jira shi ne a ga ko za a rufe maganar saboda girman mijinta. Matan baya sun daina zuwa mitin, ana ta ƙus-ƙus a bakin famfo cewa da a ce ɗayarsu ce da tuni an kore ta daga bariki.

Mama ta kira mambar nan gida, da ni da bazawarar a matsayin shaidu, aka kira uwar ma. Ta sa ta mayar da kuɗin hannu da hannu, ta ba ta haƙuri, ta sauka daga kwamiti. A mitin kuma Mama ta faɗi abin da ya faru da matakin da aka ɗauka ba tare da kama suna ba, duk da kowa ya san ko wace ce. Ta kuma je wajen mijinta ta roƙi abu biyu, a sassauta wa yaron da aka aika tunda umarni ya bi, kuma a ɗage hana ziyarar da aka yi wa fursunan da aka kawo wa bargon, don shi jami'in walfiya ya nuna cewa ƙa'ida ta 43 ta Mandela ta hana a yi wa fursuna horo da yanke shi daga iyalinsa. An ɗage hanin bayan ɗan lokaci. Yaron kuwa takardar ta zauna a fayil ɗinsa, kuma wannan yana ci min rai, don shi ya fi kowa ƙanƙanta a cikin maganar kuma shi ya fi kowa ɗaukar nauyinta. Ita wadda ta jawo abin bayan wata biyu ta dawo kujerarta ta gaba. A nan ina ganin Mama ta gaza, ta yi iya abin da zaman bariki zai bari, amma bai kai adalci ba.

Daga baya ne muka zauna muka rubuta dokokin da ya kamata mu fara da su. Babu mambar da za ta karɓi kuɗi ko kyauta ko saƙo daga iyalin fursuna, babu ganawa a kwatas, babu shiga ciki sai da jami'a mace da izini a rubuce, babu ɗaukar hoton fuskar kowa, don mutum zai fita wata rana ya nemi aiki ko aure hotonsa yana yawo a Facebook. Muka sa tebur ɗaya da benci a waje ƙarƙashin bishiyar nan duk ranar ziyara, mata biyu su zauna, duk mai tambaya ta zo nan a gaban kowa. Abin mamaki yawancin masu zuwa ba kuɗi suke nema ba, so suke a gaya musu ranar kotu, ko me aka yarda a shigar, ko me ya sa aka mayar da ɗansu wani gidan mai nisa, ko kawai a karanta musu takardar da ke hannunsu.

Lokacin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a Kuje da shirin sakin fursunoni 4,068 a watan Nuwamban 2023, ƙarƙashin ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo, bayan an tara naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hali an biya tarar da ta riƙe su, na ji daɗi sosai, na ce ashe abin da muke yi da ɗan littafinmu hanya ce. Amma kuma na san gobe kotuna za su sake turo wasu irinsu. Dokar 2019 da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, wadda ta mayar da hukumar gidajen yari zuwa hukumar gyaran hali, ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba kamar aikin yi wa al'umma hidima, kuma da ana amfani da shi sosai da ɗan tsohuwar nan bai ma kwana ciki ba.

Sai sigina ta fito. Cikin sati biyu Mama ta haɗa kaya.

Wadda ta gaje ta mutuniyar kirki ce, ba zan ci amanarta ba, amma zuciyarta na wani wajen. Ita burinta ta gyara ajin yaran bariki da rufinsa ke yoyo, kuma buƙata ce ta gaske, yaranmu ne a ciki. Da ta duba littattafai ta ga akwai saura a asusun fursunoni ta ce a juyo da shi, in an samu daga baya a mayar. Ma'aji ta sa hannu nan take. Ni na kai takardar gida, maigidana ya ce, "Don Allah ki rufa min asiri, kin san ina jiran ƙarin girma, kada ki ja da matar oga." Na kwana ina juyi, da safe na sa hannu. Ina faɗin wannan ne don duk mai karantawa ta san irin matsin da ke kan mace a ƙungiyar da shugabarta matar shugaban mijinta ce, ba ki taɓa yin magana a matsayinki ke kaɗai, kullum kakin mijinki yana rataye a wuyanki.

Bazawarar ta ƙi. Ita da zamanta a kwata ma alfarma ce, kalma ɗaya ta isa a fitar da kayanta waje. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Ranki ya daɗe, waɗanda suka ba da kuɗin nan da sunan 'yan ciki suka bayar, ni ba zan iya sa hannu a kai shi wani wuri ba. In kin ce in sauka zan sauka." Sabuwar shugabar ta yi shiru ta daɗe, ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ba ta sauke ta ba, ba ta kuma taɓa maganar kwata ba, wannan kuma a yaba mata. Kuɗin ya zauna, muka ƙarasa biya wa waɗanda ke jerin.

Sai dai ba ta sake fita neman ko kwabo wa asusun ba, ƙarfinta duk ya koma kan ajin yara, kuma ta gyara shi. Masu bayarwa da ma Mama suka sani, da ta tafi suka bi ta da alherinsu. A hankali asusun ya bushe. Teburin ƙarƙashin bishiya ne bai tashi ba, don shi ba ya cin kuɗi kuma ba ya buƙatar izinin kowa, matan baya suka raba ranakun a tsakaninsu.

Da namu canjin ya zo na kai wa bazawarar littafin mai baƙin bango har ɗakinta, na nuna mata inda na tsaya da shafukan da suka rage. Ta sa shi cikin leda ta ɗaga katifa ta ajiye. Kwanaki ta kira ni a waya tana tambaya ko ina da lambar lauyar nan da ta taimaki yarinya mai goyo, wai an kawo wata mai tsohon ciki kuma mijin ya ce bai san ta ba. Na duba tsohuwar wayata na tura mata.